Kalmar "eventual" a Ingilishi: ma'anarta, inda ake sa ta, da tarkon da take ɗana wa masu Faransanci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Damagaram ce. Da Faransanci na yi karatuna tun daga firamare har digirin farko, yanzu kuma ina digiri na biyu a wata jami'a a Najeriya. A kundin bincikena na rubuta: "The researcher accepts responsibility for eventual errors in the data." Malamin da ke duba aikina ya ja wa "eventual" jan layi, ya ce ba abin da nake nufi ke nan ba. Ƙamus ya ce mini kalmar tana nufin abin da ke faruwa daga baya, ni kuma a ganina ai kurakurai daga baya ake gano su. Ina laifin kalmar? Kuma mene ne bambancinta da "subsequent" da "final"?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminki yana da gaskiya, kuma ya kyauta miki da ya tsaya a kan wannan kalma bai wuce ta ba. Abin da ke ranki shi ne, idan aka samu kuskure a alƙaluman, to laifin naki ne. Abin da mai jin Ingilishi zai karanta kuwa shi ne, kurakuran suna nan tafe, ko ba daɗe ko ba jima za su bayyana, kuma ranar da suka bayyana laifin naki ne. Kin ga kin yi wa aikinki mugun baki ba da saninki ba. Faransanci ne ya riƙe miki alƙalami a wannan wuri, domin da a ce "les éventuelles erreurs" kika rubuta, wato kurakurai idan an samu, da babu mai ce miki uffan.

Ƙamus bai yi miki ƙarya ba, amma ya ba ki rabin labari. Gaskiya ne "eventual" sifa ce da ake liƙa wa abin da ya zo daga baya. Sai dai ba kowane "daga baya" ba. Na farko, abin ya zo ɗin, ko kuma mai magana ya ɗauka cewa zuwansa tabbas ne. Sannan bai zo da wuri ba: an jira, ko an sha wahala, ko an bi ta wata hanya mai kwana-kwana kafin a iso. Abu na uku shi ne wanda ɗalibai suka fi kasa gani, kuma shi ne ya fi muhimmanci a wurina. Mai amfani da wannan kalma yana tsaye ne a ƙarshen labari yana waiwayen farkonsa. Ya san yadda ta kaya, shi ya sa yake iya kiran mutum da sunan da bai riga ya samu ba a lokacin da ake ba da labarinsa.

Filin ƙwallo ne ya fi nuna wannan a fili, shi ya sa marubuta labarin wasanni suka fi kowa son kalmar. Ki tuna gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kodebuwa a farkon 2024. A wasan rukuni Najeriya ta doke mai masaukin baƙi da ci ɗaya mai ban haushi, ta bugun fanareti da William Troost-Ekong ya ci. Bayan nan Ikwatoriyal Gini ta zuba wa Kodebuwa ƙwallo huɗu ba ko ɗaya, har aka sallami kocinsu ana tsakiyar gasa. Da ƙyar suka tsallaka zagaye na gaba, a sahun ƙasashen da suka zo na uku a rukuninsu. Amma ranar 11 ga Fabrairu su ne suka doke Najeriya da ci biyu da ɗaya a wasan ƙarshe, suka ɗaga kofin. Wanda zai rubuta tarihin gasar yau zai iya cewa: "Nigeria beat the eventual champions in the group stage." A ranar da aka yi wancan wasan rukuni babu ɗan jaridar da zai iya rubuta wannan jimla, domin babu wanda ya san wa zai ɗauki kofi. Sai da gasa ta ƙare kalmar ta samu wurin zama. Kuma kin ga dukkan abubuwan uku sun haɗu a cikinta: sun ɗauki kofin da gaske, sun sha wuya kafin su ɗauka, mai rubutun kuma daga ƙarshen labari yake magana.

To yaya za a faɗi wannan da Hausa? A nan nakan ga masu fassara suna tuntuɓe. Na sha ganin ɗalibi ya rubuta "Najeriya ta doke zakarun ƙarshe". Bahaushe idan ya ji haka zai ɗauka ana nufin waɗanda suka ɗauki kofin da ya gabata, ko kuma waɗanda daga su ba a sake yin wasu zakaru ba. Ba mu da sifa guda ɗaya da ke ɗaukar wannan kaya, kuma ba gazawar Hausa ba ce. Abin da Ingilishi ke dunƙulewa a cikin sifa, mu da aikatau muke warware shi. Sai mu ce, "Najeriya ta doke ƙasar da daga bisani ta ɗauki kofin." Haka idan aka ce "He met his eventual wife at school", Hausar ita ce, "A makaranta ya haɗu da wadda daga baya ta zama matarsa." Kalmomin da ke yi mana wannan aiki su ne "daga baya", "daga bisani", "daga ƙarshe", "a ƙarshe dai", sai kuma aikatau irin "ta zama" ko "ya kai ga". Idan kuma maganar gaba ake yi, muna da "komai daren daɗewa" da "ko ba daɗe ko ba jima". Ni wannan nake ba ɗalibaina a matsayin ma'auni: ki mayar da jimlar Hausa a ranki, idan ɗaya daga cikin waɗannan ya zauna daram, to "eventual" ta dace. Idan kuwa abin da ya zo bakinki shi ne "wataƙila", ko "idan an samu", ko "in ta kama", to ki ajiye ta ki nemi wata.

Ki gwada da jimlarki. "Mai bincike ta ɗauki alhakin kurakuran da komai daren daɗewa za su fito." Ba haka kike nufi ba. "Mai bincike ta ɗauki alhakin duk wani kuskure idan an samu." Wannan ce maganarki, kuma babu "eventual" a cikinta.

Yanzu ga dalilin da ya sa kunnenki ya yaudare ki. Kalmomin biyu, "eventual" ta Ingilishi da "éventuel" ta Faransanci, 'yan gida ɗaya ne. Asalinsu daga harshen Latin ne, daga aikatau "evenire", wanda aka haɗa da "e", wato fita, da "venire", wato zuwa. Daga nan aka samu "eventus", abin da ya fito, sakamako. Mu ma ai cewa muke yi sakamakon jarrabawa ya fito, kuma kalmar Ingilishi "outcome" ginin iri ɗaya ne da wannan. Ingilishi ya karɓi "eventual" a ƙarni na 17, kuma a da can tana iya ɗaukar ma'anar abin da ya dogara da yadda hali ya kasance. Sannu a hankali sai hanya ta rabu biyu. Faransanci ya riƙe ɓangaren shakka: abin da zai iya fitowa, zai kuma iya ƙin fitowa. Ingilishi ya riƙe ɓangaren ƙarshe: abin da ya fito bayan an gama komai. Manyan ƙamusoshin Ingilishi da har yanzu suke kawo waccan ma'ana ta shakka sukan yi mata alamar tsohuwar ma'ana da aka daina amfani da ita.

Ba ke kaɗai ba ce a cikin wannan rami. Jamusanci yana da "eventuell", Italiyanci yana da "eventuale", dukansu kuma a ɓangaren Faransanci suke, Ingilishi ne ya ware. A ofisoshin Tarayyar Turai, inda ma'aikata da yawa suke rubuta Ingilishi alhali tunaninsu da wani harshen suke yi, kuskuren ya yawaita har Kotun Binciken Kuɗi ta Tarayyar ta sa shi a cikin wata takarda da ta tattara kalmomin Ingilishi da ake amfani da su ba daidai ba a rubuce-rubucensu. Mutanen da suka yi shekaru suna rubuta dokoki ke nan. Saboda haka kada jan layin nan ya karya miki gwiwa.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan kuskure da zafi fiye da kuskuren rubutun baƙaƙe shi ne, ba ya nuna kansa. Idan kika rubuta kalma ba daidai ba, mai karatu zai gani ya gyara a ransa. Wannan kuwa jimla ce lafiyayya, nahawunta bai karye ba, sai dai ta faɗi abin da ba ki faɗa ba, mai karatu kuma ya tafi da shi. A ce ɗan kasuwa a Maraɗi ya rubuta wa abokin cinikinsa na Legas cewa, "We will eventually order 200 more bags." A ransa "éventuellement" yake nufi: in kasuwa ta yi kyau, mai yiwuwa mu ƙara buhu 200. Na Legas kuwa alkawari ya karanta: ba yau ba dai, amma tabbas za mu ƙara. Sai ya ware kaya ya ajiye yana jira. Ranar da magana ta tashi kowa zai rantse shi ke da gaskiya, kuma kowannensu da gaskiyarsa a harshen da ya yi tunani da shi. Tsakanin Najeriya da Nijar, da Najeriya da Kamaru ko Chadi, takardu nawa ne suke ƙetare iyaka kullum daga wannan harshe zuwa wancan? Shi ya sa duk mai fassara da ya zauna a ajina sai na tsayar da shi a kan wannan kalma.

Idan "éventuel" kike nufi, Ingilishi yana da "possible", da "potential", sau da yawa ma ƙaramar kalmar nan "any" ta wadatar. Idan "éventuellement" ce, ki ce "possibly", ko "if necessary", ko "if need be". Idan kuma kika ci karo da "eventually" a littafi kina son ki fahimce ta da Faransanci, ki tuna da "finalement", ko "finir par", ko "tôt ou tard".

Akwai wata 'yar'uwarsu da za ta iya sake rikita ki, gara in faɗa miki tun yanzu. Sunan da aka ciro daga wannan tushe, wato "eventuality", shi bai bi sauran ba, ya riƙe ma'anar shakka. Idan aka ce "We are prepared for any eventuality", ana nufin mun shirya wa duk abin da ka iya tasowa, musamman marar daɗi. Gida ɗaya, amma sifa "eventual" da bayanau "eventually" suna maganar abin da ya tabbata, shi kuma sunan "eventuality" yana maganar abin da ka iya faruwa. Babu wata ƙa'ida da za ta fitar da ke a nan, sai dai ki haddace shi yadda yake. Haka kuma a fagen shari'a akwai kalmar Latin "dolus eventualis", wadda ta yi tashe a shari'ar ɗan tseren nan na Afirka ta Kudu, Oscar Pistorius. Ma'anarta mutum ya hango cewa abin da zai yi yana iya kashe wani, amma ya ci gaba. A kan wannan ne kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasar ta mayar da hukuncinsa daga na kisan kuskure zuwa na kisan kai a watan Disambar 2015. "Eventualis" ɗin da ke nan ta yiwuwa ce, irin taki ta Faransanci, ba irin ta Ingilishin yau ba.

Na ce miki mai amfani da kalmar yana tsaye ne a ƙarshen labari. Za ki iya cewa, to ai ana amfani da ita a kan abin da bai faru ba tukuna. Haka ne, kuma a nan ne ake bukatar natsuwa. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Wanda ya rubuta a ranar cewa "the eventual completion of the railway will boost trade" bai ga ƙarshen aikin da idonsa ba, amma ya tura tunaninsa can ya tsaya. Ya ɗauka za a gama, bai dai faɗi yaushe ba, kuma ya bar wa mai karatu alamar cewa abin zai ɗau lokaci. Da ɗan jarida a Yamai zai rubuta "l'éventuel achèvement" a kan wannan aiki, da shakka ya nuna ko za a gama shi ma. Haka "the eventual winner will receive a trophy": za a samu wanda zai yi nasara, wannan babu tantama, wane ne shi ne ba a sani ba. Haka "the eventual cost", kuɗin da aiki zai tashi a kai idan an gama lissafi, wanda galibi ya sha bamban da abin da aka faɗa da farko. Tabbacin yana kan cewa ƙarshen zai zo. Yadda kamanninsa za su kasance ne aka bari a buɗe.

Wani lokaci za ki ga jimla irin "They hope for eventual success", ki ce ai ga shakka nan. Akwai shakka, amma "hope" ce ta kawo ta. Fata suke yi, abin da suke fatan kuwa shi ne nasarar da za ta zo bayan an daɗe ana fama.

Masana kwamfuta ma sun ari kalmar da wannan ma'ana tata sak. Suna da abin da suke kira "eventual consistency". Manyan kamfanonin intanet suna ajiye kwafin bayani ɗaya a na'urori masu yawa a wurare daban-daban. Idan aka canza bayanin a wuri ɗaya, na ɗan lokaci sauran kwafin suna iya nuna tsohon, amma tsarin ya yi alkawarin cewa idan aka daina canzawa, duka za su daidaita. Ba a ce nan take ba, ba a kuma ce wataƙila ba.

Sai tambayarki ta biyu. "Subsequent" ita ce mafi sauƙin kai a cikinsu. Ita jeri kawai ta sani: wannan ya zo, wancan ya biyo baya. Ba ruwanta da ko an jira, ko an wahala, ko nan ne ƙarshe. Mahamadou Issoufou ya tsaya takarar shugabancin Nijar a 1993 bai samu ba. Zaɓukan 1996 da 1999 da 2004 da ya sake tsayawa su ne "subsequent elections", zaɓukan da suka biyo baya. Nasarar da ya samu a 2011 ita ce "his eventual victory". Haka Muhammadu Buhari a Najeriya: ya faɗi a 2003 da 2007 da 2011, ya ci a 2015. Za ki iya kiran nasarar 2015 "subsequent victory" ba ki yi ƙarya ba, amma kin zubar da shekaru goma sha biyu na faɗuwa da tashi, kin mai da ita wani abu da ya biyo baya kawai. "Eventual" ce take ɗauke da nauyin waɗannan shekaru. Kuma "subsequent" tana iya hawa kan abubuwa da yawa a jere, "eventual" kuwa galibi wuri ɗaya take nunawa, inda tafiya ta tsaya.

Kada ki haɗa "subsequent" da "consequent", ko da yake sun yi kama a ido. Ta biyun tana cewa abu na farko ne ya haifar da na biyu. Fari da yunwar da ta biyo bayansa saboda shi, wannan "consequent" ce. Fari da zaɓen da aka yi bayansa, wannan "subsequent" ce kawai.

"Final" kuma ƙofa take rufewa. Ita ce ta ƙarshe a jeri, daga ita babu wata, ko kuma hukuncin da ba za a sake taɓa shi ba. Wasan ƙarshe "final" ne tun ranar da aka fitar da jadawalin gasa, kafin a buga ƙwallo ko ɗaya, shi ya sa ba a cewa "eventual match". Amma ƙasashen da za su buga shi ba a san su ba sai an kai can, shi ya sa ake cewa "eventual finalists". A gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka, Italiya ce ta fitar da Najeriya a zagaye na biyu da ƙwallaye biyun Roberto Baggio, ta kuma je har wasan ƙarshe inda Brazil ta doke ta a bugun fanareti. Don haka ake rubuta cewa Najeriya ta faɗi a hannun "eventual finalists Italy". Ki kuma lura da bambancin "final decision" da "eventual decision". Ta farko tana cewa magana ta ƙare, kada a sake tayar da ita. Ta biyu tana cewa an daɗe ana kai da komowa kafin a yanke, kuma ba ta hana a sake zama a kai gobe ba.

"Ultimate" ita ce ta fi kusa da "eventual", har wani lokaci ɗayarsu takan zauna a wurin ɗayar. Amma ita tana da wani ɗaukaka a jikinta, tana nuna can ƙurewa, ko babban abin da duk sauran suke yi wa hidima. "Ultimate goal" shi ne babban burin da aka sa a gaba. "Eventual outcome" shi ne inda aka tsinci kai, ko an so ko ba a so ba. Domin "eventual" ba ta zaɓar alheri kawai. Ana cewa "eventual success", ana kuma cewa "eventual collapse", "eventual defeat", "eventual death".

Misalin da nake yawan kawowa a aji don a ji tsawon jiran da ke cikin kalmar shi ne na Abuja. A 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, aka yanke shawarar ɗauke babban birnin Najeriya daga Legas. Ba a tare a Abuja a hukumance ba sai ranar 12 ga Disambar 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida. Shekara goma sha biyar, gwamnatoci sun zo sun wuce. Wannan shi ne "the eventual move to Abuja". Da a ce an yanke shawarar ranar Litinin aka tashi ranar Laraba, da kalmar ba ta dace ba. Ba wai akwai adadin kwanakin da aka ƙayyade ba ne. Tsawon ana auna shi da abin da aka saba. Wanda ya yi awa uku yana jiran mota a tasha zai iya cewa "the bus eventually came", domin awa uku a tasha jira ne. Wanda ya jira minti biyu ba zai ce haka ba.

Ta fuskar nahawu abu ɗaya nake so ki riƙe. Wurin zamanta gaban suna ne: "eventual winner", "eventual result", "eventual return". Ba a saba jin ta a bayan aikatau ita kaɗai ba. "His victory was eventual" ba ta da daɗin ji a kunnen mai harshen. Idan kika ga jimla tana jan ki can, ki juya ta ki yi amfani da bayanau: "He eventually won." A maganar baka ma bayanau ɗin ne ya fi yawo. Sifar ta fi zama a jarida da littattafan tarihi da rahotanni.

Tunda kina cikin 'yan Najeriya yanzu, za ki ji wasu kurakuran da ba daga Faransanci suka zo ba, kada ki ɗauke su don kin ji su a bakin waɗanda suka tashi da Ingilishi. Ɗalibi zai jero hujjojinsa, na ɗaya, na biyu, na uku, sai ya buɗe sakin layi na ƙarshe da "Eventually". A nan "Finally" ko "Lastly" ake so, domin jeri ne ake rufewa, ba jira aka yi ba. Dalilin kuskuren a bayyane yake: "a ƙarshe" tamu ta Hausa tana yin aikin biyun, Ingilishi kuma ya raba su. Wani kuma zai rubuta "It was an eventual day" yana nufin ranar ta cika da abubuwa. Wannan "eventful" ce, kalma daban. Akwai kuma "at last", wadda take ɗauke da ajiyar zuciya, irin "alhamdu lillahi, an dai iso". "Eventually" ba ta da wannan farin ciki a jikinta, labari kawai take bayarwa. Za a ce "he eventually died of the illness", amma wanda ya ce "at last he died" ya nuna kamar dama jira yake yi.

Wajen furuci, nauyin yana kan gaɓa ta biyu, kuma "tu" ɗin da ke ciki kamar "cu" tamu ake faɗarta: i-VEN-cu-wal. Harshenki zai so ya kai nauyin ƙarshen kalma ya kuma shigar da "en" ɗin ta hanci yadda Faransanci ya koya miki. Ki saki hancin, ki faɗi "ven" a sarari.

Mu koma kan kundinki. Abin da ya kamata ki rubuta shi ne: "The researcher accepts responsibility for any errors in the data." Kalmar "any" ta ɗauke duk abin da "éventuelles" take ɗauke da shi, kuma haka masu harshen suke rubutawa a irin wannan wuri. Daga nan ki buɗe kundin a kwamfuta, ki sa ta nemo miki duk inda "eventual" da "eventually" suka fito, tun daga babi na ɗaya. Wanda ya yi wannan kuskure sau ɗaya da wuya a ce sau ɗayan ne kawai, kuma malaminki ba lallai ne idonsa ya kama duka ba. Ki fi sa ido a babin hanyoyin bincike da na shawarwari, domin a nan ne ake yawan maganar abin da ka iya faruwa: matsalolin da za a iya fuskanta, masu binciken da za su iya ɗorawa a kan aikinki, tallafin da za a iya samu. Kowace kika samu, ki faɗi jimlar da Hausa a ranki kafin ki taɓa ta. Inda kika ji "daga ƙarshe" ki bar ta yadda take. Inda kika ji "idan an samu" ki sa "any" ko "possible". Allah Ya ba da sa'ar kammalawa.